Yadda Na Kai Mutanen Gidanmu Gwajin Ciwon Hanta

Yayana bai cika shekara 45 ba Allah ya yi masa rasuwa. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, ya rame har wuya ya fito. A ƙauyenmu da ke gefen Ringim wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce sammu, aka yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe. Sai da muka dangana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano hoton ciki ya nuna sankarar hanta, kuma ta riga ta yi nisa. Gwajin jini ya nuna yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan ƙwayar ta daɗe a jikinsa, mai yiwuwa tun yana goye. Ka kawo mahaifiyarku da 'yan ɗakinku da iyalinsa a auna su."

Ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ƙwayar tana iya zama a hanta shekara 20 ko 30 mutum yana nomansa, yana cin kasuwarsa, ba ya jin komai. Tana ci a ɓoye kamar gara a jikin azara: hanta ta kumbura, ta warke da tabo, ta sake kumbura, har ta ƙandare. A wannan wahalar ne sankara take samun wurin tsira, wani lokacin ma ba ta jira hantar ta ƙandare ba.

Bayan sadakar arba'in na fara da Inna, kuma a nan na fi shan wuya. Ta ce, "Ni da na haife ku lafiya ƙalau, me za a gani a jinina?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba don wani laifi ba ne, don jikokinki ne." Maganar jikoki ce ta sa ta ɗauki mayafi. Gwajin kansa ba wani abu ba ne, ɗan jini ne a yatsa, kafin ka gama gaisawa da mutane sakamako ya fito. Inna tana da ita, ni ma ina da ita, haka ƙanwata da ke aure a wani ƙauye kusa da mu. Maiɗakina da matar marigayi ba su da ita, sai aka fara yi musu rigakafi, allura uku cikin wata shida.

Da labari ya bazu sai na ga an ware mini kwano da moɗa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba shi da tushe. Ba a ɗaukar wannan cuta ta cin tuwo tare ko musabaha ko zufa. Hanyarta jini ce: wajen haihuwa, saduwar aure, allurar da aka yi wa wani, aska da reza da ƙahon da ba a tsabtace ba. Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne, binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita.

Ƙanwata tana da tsohon ciki a lokacin, shi ne abin da ya hana ni barci. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, cikin goma kusan tara ƙwayar zama take yi a jikinsu har abada, alhali babba in ya kamu yawanci jikinsa yana korar ta. Akwai allurar da ke tare wannan, kyauta ake yi, tana cikin rigakafin yara a ƙasar nan tun 2004, amma sai an yi ta cikin awa 24 da haihuwa take ba da kariya mafi ƙarfi. Sauran suna biyo baya a sati 6 da 10 da 14. Mu kuwa a gida ake haihuwa, kuma jariri ba ya ƙetare ƙofa sai bayan suna. Na je na durƙusa gaban surukarta na ce, "Gwaggo, alfarma na zo nema a wajenku." Na kuma je ɗakin shan magani tun kafin lokaci na tabbatar suna da allurar a firji, don kada a ce mana mu dawo ranar rigakafi. Cikin dare ƙanwata ta sauka, da hantsi muna can a kan babur, Gwaggo da kanta ta rungume yarinyar. Ga wanzami kuma, sabuwar reza na saya na miƙa masa ranar suna, bai ji haushi ba.

Ni kaina an auna yawan ƙwayar a jinina, gwaji mai tsada da sai da na sayar da akuya. Likita ya ɗora ni a kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Ba ta kashe cutar gaba ɗaya, danne ta take yi, kuma tana rage haɗarin sankara sosai. Ba kowa ake ba magani ba, Inna dai bibiya kawai ake yi mata. Duk wata shida muna zuwa hoton ciki, domin ƙarin da aka gani yana ƙarami ana iya yi masa aiki. 

Na bar shan jiƙo. Gyaɗa da masara ma yanzu sai sun bushe ƙayau nake zubawa a rumbu, wadda ta yi hunhuna kuma ba ta shiga ƙuli-ƙuli a gidana, saboda gubar da ke cikinta tana haɗuwa da ƙwayar B su ninka haɗarin.

Ɓangaren Baffa ne har yanzu ba su je ba, yana cewa wanda bai kwanta ba me zai kai shi asibiti. Na roƙi liman ya taya ni yi masa magana ranar Juma'a, kuma in an yi girbi zan ɗauki nauyin motar da za ta kai 'ya'yansa.