Daga Bauchi Zuwa Gombe a Tsohuwar Marsandi Mai Yoyon Fetur

Tsakanin Bauchi da Gombe bai wuce kilomita 150 da 'yan kai ba, kuma mai lafiyayyar mota yakan ci wannan hanya kafin rana ta yi zafi idan ya yi sammako. Mu kuwa sai da ta kusa cinye mana yinin, domin Marsandin baffana, wadda muka shiga za mu ɗaurin aure a tsakiyar bazara, ta fara zubar da fetur a hanya, kuma gano inda man yake fita ya fi gyaran kansa wuya nesa ba kusa ba.

Motar ƙirar 230E ce, daga jerin da kamfanin ke kira W123, wanda aka fara fitarwa a 1976, ita kuma mai wannan inji ta shigo kasuwa a 1980. Ba ta da kafireta, ba ta kuma da kwamfutar da ke sarrafa injekta irin ta motocin yanzu. Tsarin K-Jetronic na kamfanin Bosch take ɗauke da shi, wanda ya fara fitowa a 1973, kuma duk aikinsa na ƙarfe ne da ƙarfin mai. Famfon lantarki da ke ƙarƙashin motar, kusa da ƙafafun baya, shi ke tura fetur ta cikin filta zuwa akwatin rabon mai da ke kan inji. Iskar da inji ke zuƙa tana danna wani faranti ƙasa, farantin kuma yana ɗaga wani ɗan sanda a cikin akwatin, gwargwadon ɗagawarsa gwargwadon man da ke isa ga nozul huɗu masu fesa mai cikin inji, waɗanda ba sa daina feshi muddin inji na aiki. Ƙarfin man da ke cikin bututun yakan kai bar 5 ko ɗan fiye, wato ninki biyu na iskar da ke cikin tayar motar, alhali famfon mota mai kafireta bai kai ko rabin bar ɗaya ba. Saboda haka tsagar da kafireta ba za ta damu da ita ba, a nan feshi take yi.

Mun wuce Kangere kaɗan na fara jin warin fetur yana shigowa ta tagar baya. Baffa ya ce wataƙila an cika tankin ne har ya yi ambaliya, muka ci gaba. A Dindima, inda gada ta ratsa kogin Gongola kuma hanyar Yankari ta rabu zuwa kudu, muka tsaya muka sayi soyayyen kifi, kuma da muka dawo aka murɗa makulli sai motar ta yi ta juya inji ba ta kama ba, har batir ya fara nuna gajiya, kafin ta tashi da kakari. Da safe a gida kuwa bugu ɗaya ta tashi. Na buɗe bonet na bi bututan ƙarfen da ke fita daga akwatin rabon mai da yatsa, duk a bushe suke.

Sai a Alkaleri abin ya fito fili, domin muna tsayawa wani mai faci ya nuna mana ɗigon da ke sauka a kan ƙasa daga ƙarƙashin baya, ba nisa da salansa. Nan take Baffa ya kashe inji, muka tura motar ƙarƙashin wata dalbejiya, nesa da mai shayin da wutarsa ke ci. Wani matashin bakanike ya leƙa sau ɗaya ya yanke hukunci cewa tanki ne ya huje, ya aika a sayo sabulu a murza a wurin. Dabarar sabulu sananniya ce a hanyoyinmu, tana kuma kai direba gari idan tankin ne da gaske, amma maigidansa, wani dattijo da ya ce ya koyi aiki a kan irin waɗannan motoci tun suna yayi, ya hana. Ya ce wa Baffa, "Alhaji, ranka ya daɗe, a ɗan dakata a ga ko ɗigon zai tsaya da kansa." Bayan 'yan mintuna kuwa ya ragu, sannan ya tsaya cak. Dattijon ya ce tankin da ya huje ba ya hutawa don an kashe inji, tunda nauyin man ne ke tura shi, amma yoyon da ke mutuwa bayan famfo ya tsaya yana nuna cewa ɓarnar tana tsakanin famfo da inji ne, inda ƙarfi yake.

Yadda ya bi abin daga nan shi ne abin da ya fi burge ni a tafiyar duka. Ya jira salansa ta huce, ya kwance murfin da ke rufe famfo da filta da wani ɗan gwangwani da ke maƙale da su, ya goge kowane mahaɗi da tsumma har ya bushe ƙarau, sannan ya sa yaronsa ya daka alli ya barbaɗa garin a kan bututai da notuna. Famfon wannan mota ba ya ci gaba da aiki sai inji na juyawa, don haka ya cire rilen famfon, wato ɗan makunnin da ke ba shi wuta, ya haɗa ramuka biyu na mazauninsa da guntun waya, famfon ya kama kuka inji yana kashe, babu zafi, babu girgiza, babu iskar da za ta kwashe man ta kai shi wani wuri. Na durƙusa kusa da shi ina haska masa da fitilar waya. Ƙasan filta, inda kowa ya ga ɗigon yana sauka, fari ya tsaya na ɗan lokaci. Wurin da allin ya fara yin duhu yana sama, a bakin famfon, inda wani noti mai hula ya danne zoben bututu tsakanin washa biyu na jan ƙarfe. Daga nan man ya bi bayan bututun a hankali ya gangara har ƙasan filtar ya taru ya ɗiga. Da a inda ɗigon ya faɗo aka tsaya, da an sayi sabuwar filta a banza.

Ya naɗe mahaɗin da tsumma kafin ya sassauta notin, domin sauran ƙarfin da ke ciki kada ya watsa masa mai a ido. Washar ta sama ta baje, da tabon ɗauri a kan tabo, alamar an sha kwance ta ana mayarwa. Jan ƙarfe yakan taurare duk lokacin da aka matse shi, kuma idan ya taurare ba ya ƙara kwanciya ya toshe kafa, ƙara ɗaure notin kuwa sai dai ya cinye zaren famfon. Ba a samu sabuwa daidai girmanta a garin ba, sai ya goge fuskokin tsofaffin a kan takardar yashi, ya kai su can wurin mai shayi ya gasa har suka yi ja, ya tsoma a ruwa, suka dawo da laushinsu. Ya mayar ya ɗaure, ya sake barbaɗa alli, famfo ya yi ta aiki allin bai canza launi ba. Duk da haka ya gargaɗi Baffa cewa wannan washa ba lalle ita kaɗai ce ta hana motar tashi a Dindima ba, kuma shi ba shi da ma'aunin da zai tabbatar.

Sauran hanyar, ta Bara har muka gangara Tumfure muka shiga Gombe, babu wari ko kaɗan. Amma da muka fito daga sallar La'asar sai motar ta sake yin gardamar da ta yi da hantsi.

Bayan an shafa fatiha muka nemi garejin da ke da geji, wato ma'aunin ƙarfin mai, kuma sai da muka yi tambaya sosai kafin muka samu. A wurare biyu shawarar da aka fara ba Baffa ita ce a cire injektan gaba ɗaya a ɗora kafireta. A ganina wannan shawara ce ta kashe yawancin irin waɗannan motoci a Arewa, ba tsufa ba, domin tsarin yana da sauƙin bincike ga wanda ya mallaki ma'auni ɗaya ya kuma san abin da allurarsa ke faɗa. Wanda muka samu ya ɗaura gejin a kan akwatin rabon mai, ya tayar da inji, allura ta tsaya a kan 5 da ɗan ɗori, wanda ya wanke famfon daga zargi. Da ya kashe inji ya kamata ta sauka kaɗan ta tsaya wajen bar 2 ko sama har bayan minti 20, amma sai ta zube ƙasa muna kallo. Wannan ragowar ƙarfi shi ke hana fetur tafasa a cikin bututan da ke kwance a kan inji mai zafi, kuma idan ya ɓace man yakan zama tururi, sai famfo ya kore shi kafin nozul su sami abin fesawa. A zafin Gombe na bazara hakan ba ya ɗaukar lokaci.

Tunda waje a bushe yake, yoyon na ciki ne. Ya zaro nozul ɗin ya sa bakinsu a kwalabe, babu wanda ya ɗiga, haka ma ƙaramin nozul na tayar da inji da sanyin safiya. Sai ya koma ƙarƙashin motar wurin ɗan gwangwanin nan, wanda suke kira akumuleta, mai roba da sifirin a ciki da ke riƙe ƙarfin mai bayan an kashe inji. Ya zare siririn tiyon da ke bayansa, wanda a ƙa'ida bai kamata a ga fetur na fita ta bakinsa ba, ya sa aka kunna famfo, man ya tsiyayo kamar an buɗe bakin buta. Robar ciki ta yage, man yana komawa baya ta wannan tiyo ba tare da ya taɓa ƙasa ba, shi ya sa alli bai nuna shi a Alkaleri ba.

Ba a gyara wannan gwangwani, sai dai a canza shi, kuma masu kayan Beljiyam na garin ba su da shi, don haka aka buga waya Kano aka ce za a sako shi a mota tare da sababbin washa. Bakaniken ya ce motar za ta iya komawa Bauchi a haka idan ba za a riƙa kashe ta a hanya ba, amma Baffa ya gwammace ya bar ta a garejin har kayan su iso, muka shiga motar haya muka dawo.