Kwakwar da Na Tsinta a Guna Yala

Talata, tsibiran Holandes, yankin Guna Yala, Panama

Ƙarar sarƙar anka ce ta tashe ni tun kafin asuba. Iskar arewa maso gabas, wadda ke kaɗawa a nan daga Disamba zuwa Afrilu, ta ƙara ƙarfi cikin dare, jirgi sai fizgar sarƙa yake yi. Na fito da tocila na duba, anka na nan daram cikin yashi. Barci bai sake zuwa ba, sai na zauna ina jiran gari ya waye.

Ba mu ɗaga ba sai ƙarfe 10, duk da tafiyar ba ta da nisa. A irin wannan ruwa rana ce jagora. Sai ta hau sama tana bayanka kake iya ganin abin da ke ƙasa. Yaya na riƙe da sitiyari, ni ina tsaye a goshin jirgi ina nuna masa hanya da hannu. Shuɗi mai duhu zurfi ne, a wuce. Kore mai haske yashi ne, ruwa ya fara ƙaranci. Inda ya koma ruwan ƙasa kuwa murjani ne, wato dutse mai kaifi da ke girma a ƙarƙashin teku, ya taɓa gindin jirgi shi ke nan. Taswirar kwamfuta ba abin dogaro ba ce a nan: a wani wuri ta nuna muna kan tudu, alhali ruwa mita 8 ne a ƙarƙashinmu. Muka jefa anka a zurfin mita 4, muka saki sarƙa mita 20, ninki biyar, a kan farin yashi nesa da murjani don kada sarƙa ta karya shi.

Bayan azahar na shiga ƙaramin kwalekwalen roba na nufi tsibirin da ke kusa. Minti goma sun isa mutum ya zagaye shi da ƙafa. Ba kowa, ba bukka, sai itatuwan kwakwa da farin rairayi. Na ga kwakwa ɗaya ta faɗo, na girgiza ta na ji ruwa na motsi ciki, na taho da ita ina murna.

Yaya na ganina ya ce, "Ƙanena, a ina ka samo?" Na gaya masa. Ya ce, "Mayar da ita inda ka ɗauko. Kowace bishiya a nan da mai ita." Ya bayyana mini cewa tsibiran nan sun kai 365, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su wuce 50 ba, amma sauran gonaki ne. Kwakwa ita ce dukiyar mutanen Guna, 'yan asalin wannan yanki, suna sayar wa jiragen fatake da ke zuwa daga Kolombiya, a da ma ita ce kuɗinsu. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Na shiga gonar mutum na ɗauki amfaninsa, don kawai ban ga shinge ba. Na koma na ajiye ta a gindin bishiyar.

Da la'asar sai ga wani dattijo da matarsa cikin ulu, kwalekwalen da suke sassaƙawa daga gungumen itace guda, da ɗan ƙyallensa na kama iska. Da guntun Sifaniyanci da nuni da hannu muka fahimci juna. Na sayi kwakwa biyu, ya fasa mini ɗaya da adda, sara uku kacal.

Matar ta buɗe bokiti ta fito da mola, ɗinkin da matan Guna ke sawa a gaba da bayan riga. Na daɗe riƙe da ɗaya. Yadi ne hawa uku, baƙi da ja da ruwan lemo, an yanka na sama an naɗe bakinsa, na ƙasa ya leƙo, har siffar kunkurun teku ta fito. Na juya bayansa ina neman zare, ɗinkin ya yi ƙanƙanta har sai na kai shi kusa da ido. Wannan tufafi na cikin abin da 'yan sandan Panama suka nemi hana su sawa, har Guna suka yi tawaye a Fabrairun 1925, kuma daga nan ne suka kama hanyar mulkin kansu. Na saya ban nemi ragi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda tsibiran suke dab da ruwa, wasu ba su fi mita ɗaya a saman teku ba. A Yunin 2024 aka fara kwashe iyalai kusan 300 daga tsibirin Gardi Sugdub zuwa sabon gari a kan tudu, saboda ruwa na shiga gidaje, ga kuma cunkoso. A bakin tsibirin da na je yau na ga itatuwan kwakwa biyu kwance, teku ya cinye ƙasar da ke riƙe da saiwarsu.

Da magariba na yi wanka da ruwan teku, na ɗauraye da kofi biyu na ruwan daɗi, don injin tace ruwa bai samu isasshiyar wutar sola ba yau. Yaya ya kunna fitilar saman sandar jirgi. Dattijon ya ce zai kawo kifi gobe da hantsi, saboda haka mun ɗage tafiya zuwa jibi.