Tsuntsuwar dutse a cikin akurki

Ƙwai goma sha biyu wani abokina mai kiwon salwa a Yamai ya aiko mini Tahoua, an jera su cikin kwali da ɗan auduga. Ya ce na cukar ne, wata 'yar uwar makwarwa daga ƙasashen Asiya. Na zuba su a injin ƙyanƙyasa ina lissafin kwana 21 irin na kaza. Shiru. Har na fara zagin mai aike a raina, sai a kwana na 24 bakwai suka fito, suna gudu tun jikinsu bai gama bushewa ba.

Da suka girma ba mai shigowa gidan bai tsaya kallo ba: baki ja, ƙafa ja, baƙin zane ya ratsa ido kamar kwalli ya zagayo wuya, haƙarƙari kuma jere da ratsin baƙi da fari. Da asuba namijin kan hau kan bulo ya yi ta "cak-cak-cakar", kukan da sunan ya samo asali daga gare shi. Pakistan ma ita ta ɗauka tsuntsuwar ƙasa.

Abin da na ji wa tsoro zafin Afrilu ne, na yi ta yayyafa ruwa a akurkin safe da yamma. Kawuna, wanda ya yi farautar makwarwa a duwatsun Keita shekaru da yawa, ya leƙa ya ce, "Ɗana, wagga ba kaza ba ta. Dubi ƙahwahunta, ta dutsi ta. Bar jiƙa mata ƙasa." Na ce to, Kawu, amma ban bari ba.

Zafin bai kashe ko ɗaya ba. Inuwa da ruwan sha kawai suke so, sai busasshiyar ƙasa da za su yi birgima a ciki. Damina ce ta ci ni. A watan Agusta ƙasan akurkin ya yi danshi, kashi ya cakuɗe da laka, suka kama zawo, uku suka mutu cikin mako guda. Asalin cukar gangaren duwatsu ne busassu masu ciyawa jefi-jefi, tun daga Turkiyya da Iran da Afganistan har gindin Himalaya da yammacin Sin. Ko da aka kai ta Amurka don farauta, a jihohi masu fari da duwatsu irin Nevada da Idaho ta yi kaka-gida. Ni kuwa na mai da mata ɗaki fadama.

Sauran huɗun na ɗaga su a keji mai ƙasan raga, na sa kwanon yashi da tsakuwa, na tara duwatsu a kusurwa. Gero da dawa da ɗanyen ganye suka ishe su.

Wata rana yaro ya bar ƙofa a buɗe, ɗaya ta fice. Ba ta tashi sama ba, da ƙafa ta haye tulin duwatsun ginin maƙwabcinmu, yara biyar na haki a bayanta. Sai da suka kai ƙololuwa ta buɗe fiffike ta gangaro ta ɗaya ɓangaren. Haka take yi wa mafarauta a can ƙasarsu: hawa da gudu, sauka da tashi. Da magariba kukan 'yan uwanta ya jawo ta, na tarar da ita a kan kejin.