Asabar a kufan Fountains

Yayyafi tun asuba. Duk da haka muka kama bas daga Leeds zuwa Ripon, ni da abokin zamana, daga can tasi ta ƙarasa da mu Fountains Abbey.

Kufan gidan zuhudun Kiristoci ne, a wani kwari da kogin Skell ya ratsa. A 1132 wasu masu zuhudu 13 suka saɓa da shugabanninsu a gidan St Mary's da ke York, wai jin daɗi ya yi yawa, ibada ta yi sanyi. Babban limamin York, Thurstan, ya yanka musu wannan kwarin. An ce a gindin bishiya suka yi hunturunsu na farko. Sai ga tumaki. Ulu ya yi ta fita har Italiya, kafin ka ce kwabo masu gudun duniya sun shiga sahun manyan masu dukiya a arewacin Ingila.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin ajiyarsu. Tsawonsa ya kai wajen mita 90, ginshiƙai a jere a tsakiya, rufin dutsen ya lanƙwaso kamar daurin gugan soron sarauta. Cocin kansa ba rufi, ciyawa ce shimfiɗarsa, amma ma'ajiya tana nan daram. A samanta ne ma'aikatan gidan ke kwana, waɗanda su ma sun yi alkawarin zuhudu amma aikinsu kiwo, sausayar tumaki da noma, sauran kuma na karatu da addu'a. Ni dai a ganina su ne suka gina wurin nan, ko da ba sunansu aka rubuta ba.

Akwai wani ɗaki da ake hura musu wuta su ji ɗumi, daga farkon Nuwamba zuwa Ista kawai. Na shiga cikin murhun na tsaya a miƙe, kaina bai taɓa sama ba. Abokina ya ce, "Kai da kake kwana da hita, da a nan ne ko mako ba ka yi." Ban musa ba.

Hasumiyar da shugabansu Marmaduke Huby ya gina wajajen 1500 ita ake hangowa tun daga nesa, alhali dokar ɗarikarsu ta Cistercian tun farko ta hana irin wannan ƙawa. Ba su more ta ba. A 1539 Sarki Henry na VIII ya rufe gidan, shekara na zagayowa aka sayar wa attajiri Richard Gresham, aka kware darmar rufin. A ƙarni na 18 kuma William Aislabie ya sayi kangon don ya zama adon lambunsa na Studley Royal.

Lambun ma a gurguje muka zaga shi, takalmana sun sha ruwa, ga bas ɗin yamma na jira. Sai a Ripon muka samu shayi mai zafi.