Lita ɗaya ta baƙin mai ta sa aka buɗe min inji a banza

Har yanzu idan na ga galan ɗin baƙin mai sai raina ya ɓaci. Lita ɗaya ce tak ta jawo min, kuma da hannuna na zuba ta.

Motar BMW ce, E46 330i, mai giyar hannu, injinta M54 mai silinda shida a jere. Duk mai wasan mota a Kaduna ya san halinta, ba sai na tsaya yabo ba. Daren wata Juma'a cikin hunturu, ana gobe za mu fita wani killataccen fili a bayan gari, wani abokin wasa ya ce in ƙara mai ya ɗan haura layin geji. Wai idan ana shan kwana da ƙarfi man yakan gudu gefe ɗaya, famfon ya zuƙi iska. Maganarsa ba ƙarya ba ce, hakan yana faruwa. Amma shi "kaɗan" ya ce. Injin nan lita shida da rabi yake ɗauka, kuma a cike yake tun sabis ɗin da na yi a makon. Na kama lita guda sukutum na juye, ko sandan geji ban sake zarowa ba.

Wasa ya yi daɗi, ba shi ne labarin ba. Bayan zagaye na uku na shigo na tsaya, na bar ta a sulo ina shan ruwa. Da na koma na ɗan taɓa totur, sai salansa ta amayo hayaƙi kamar an cinna wa bola wuta. Waɗanda ke bayana suka watse suna tari. Cikin hazon nan na hunturu fari fat na gan shi, gabana ya faɗi. Allurar zafi tana tsakiya, ko motsi ba ta yi ba. Na gani da idona, amma tsoro ya hana ni yin lissafi da ita. Na kashe mota, na kira janwe.

Makaniken da na kai wa kallo ɗaya ya yi wa bidiyon da ke wayata ya ce, "Oga, gasket ta ƙone, sai an ɗaga tof." Yana nufin shimfiɗar da ke tsakanin gangar jikin inji da kansa na sama, wato tof silinda. Bai shinshina salansa ba, bai leƙa ruwan lagireto ba, bai kwance fulogi ko ɗaya ba. Ni ma ban gaya masa zancen litar nan ba, domin ko kusa ban kawo ta a raina ba. Yaransa suka tsiyaye man a roba, shaidar ta bi shi, aka shiga kwance-kwance.

Da aka ɗaga tof silinda, gasket lafiyarta ƙalau. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce wataƙila tsagar ba ta ganuwa da ido. Na yi shiru, me zan ce? Wajen mayarwa ne aka yi aika-aika. Gangar jikin M54 alminiyon ce, kuma an san ta da sakin zare idan ana ɗaure kusoshin tof. Biyu suka kwashe zarensu, ana murɗawa suna juyawa kamar a cikin tuwo. Sai da muka yi yawo har Panteka neman wanda zai huda ya dasa sabon zare na ƙarfe. Ga sabbin kusoshi, domin irin waɗanda ke miƙewa ne idan an ɗaure, ba a maimaita su. Ga gasket, ga wankin tof. Mako uku motar tana kwance, kuɗin da na kashe ya sayi ragon layya biyu masu kyau. Uwargida ba ta ce uffan ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Aka tada mota, hayaƙi ya ragu amma yana nan. Ga kuma wani siririn fito da take yi a sulo, wanda a gaskiya na jima ina ji tun kafin wasan ina basarwa.

Wani dattijon makanike aka haɗa ni da shi wajen Kakuri. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya durƙusa ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya murza yatsunsa. "Ɗana, wannan ba ruwa ba ne, mai take ƙonawa. Ruwanta yana raguwa?" Na ce a'a, Baba. "Ta taɓa yin zafi?" A'a. Inji yana aiki ya kama murfin mai zai buɗe, murfin ya ƙi ɗagowa sai da ya sa ƙarfi, yana ɗagowa aka ji fuuu, fiton ya ɗauke. Ya dube ni ya ce, "Ranar da abin ya faru, nawa ka zuba mata?" A nan litar ta faɗo min. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da ya faru. A ƙarƙashin manifol ɗin shan iska, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, akwai wani ɗan bawul na roba da ake kira CCV. Aikinsa ya janye tururin da ke taruwa cikin inji, ya tace man da ke ciki ya mayar da shi ƙasa ta tiyon da ke haɗe da bututun geji. Fatar da ke cikin nawa ta tsage, saboda haka injin yana zuƙa da dukan ƙarfinsa. Ni kuma na ɗago masa man har kusa da baki, na yi ta girgiza shi a kwana. Ya sha ya ƙoshi, ya tara a manifol, ya tura sauran cikin salansa. Baba ya zare tiyo ɗaya ya karkata shi, mai ya ɗiga a kan takalmina. Bawul ɗin da tiyoyinsa duka ba su kai kuɗin gasket da kusoshin da na saya ba. Wuni ɗaya ya gama.

Yanzu idan wani ya turo min bidiyon hayaƙi, tambayata ta farko ita ce nawa ka zuba, kuma ka zaro geji a wuri mai daidai? Sai wari. Hayaƙin ruwan sanyaya inji fari ne mai kauri, yana da ɗan ƙamshin zaƙi, kuma za ka ga ruwan yana raguwa, wani lokaci murfin mai ya yi kumfa kamar koko. Na mai yana da shuɗi-shuɗi, yana ƙauri, yana barin maiƙo a hannu. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Tururin safiyar hunturu da ke ɓacewa bayan 'yan mintoci ba komai ba ne. Ruwan lagireto a bari sai inji ya huce kafin a buɗe, kada a ƙona fuska. Kuma kada ka bar kowa ya sa sifana a kan tof sai ya gwada matsin kowace silinda ya nuna maka lambobin, ya kwance fulogi kun duba tare. Aikin awa ɗaya ne, da na yi shi da injina yana nan yadda kamfani ya ɗaure shi.

Ko bayan gyaran sai da ta ƙara ɗan hayaƙi na kwana biyu, ragowar man da ke salansa yana ƙonewa. Na hau hanyar Zariya na je na dawo, ya ɗauke. Abokin nan da ya ba ni shawara mun haɗu a wajen ɗaurin aure, na fara yi masa ƙorafi, ya ce, "Ni kofi ɗaya na ce maka ko galan?"