Layin da ke kan kwabon 1936

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya same ni a gida a Yakasai bayan la'asar, yana ta haki, da wani abu ƙunshe a takarda. Kwabo ne mai huji na 1936, ya saye shi a Kasuwar Kurmi wajen masu tsofaffin kaya. "Kawu, duba nan, kuskuren bugu ne, an ce irinsa kuɗi ne masu yawa." Wani siririn layi ne ya ratsa tauraron nan mai tsini shida da ke jikin kwabon.

Na karɓa, na ɗauko gilashin masu gyaran agogo, na haska tocilan daga gefe. Daga gefe ake haskawa, don inuwa ce ke nuna maka tudu da kwari. Layin nasa ya nutse cikin ƙarfen, bakinsa kuma ya ɗan tashi kamar kunyar gona. Na ce masa, ɗana, wannan ƙarzuwa ce, wani abu mai kaifi ne ya ja ta bayan kuɗin ya shiga hannun mutane.

Abin da na fi so mai tara tsofaffin kuɗi ya riƙe ke nan. Kuɗi ana buga shi ne tsakanin hatimai biyu na ƙarfe, kuma duk abin da yake rami a jikin hatimi, tudu yake fitowa a jikin kuɗi. In hatimi ya tsage saboda yawan aiki, ƙarfen kuɗin sai ya kutsa cikin tsagar, ya fito a matsayin layi mai tudu, a karkace kamar jijiyar bayan hannu. Ina da dari guda, wato rabin kwabo, mai irin wannan a cikin gwangwanin da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa. In ka bi layin da farce a hankali za ka ji ya tokare ka. Wani abin kuma, duk kuɗin da aka buga da wannan hatimin bayan ya tsage, tsagar tana wuri ɗaya a jikinsu. In ka ci karo da na biyu mai layi daidai wurin, magana ta ƙare.

Gajiyar hatimi ta fi wuyar ganewa, domin tana kama da tsufan kuɗi. Kuɗin da ya sha hannu, wuraren da suka fi tudu ne ke fara shafewa, kamar kambin da ke saman hujin, sheƙinsa kuma ya mutu. Wanda aka buga da gajiyayyen hatimi kuwa, za ka iske sheƙinsa na nan, amma haruffan sun yi kauri, sun baje suna jan jiki zuwa baki, filin kuma ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Wani lokaci har harafi ya yi kamar yana da inuwa, sai a ɗauka bugu biyu ne. Ni ina son irin waɗannan don suna nuna maka yadda aka wahalar da hatimi, amma da wuya su ƙara wa kuɗi daraja.

Huji ma akwai magana. Anini da dari da kwabo da hujinsu suka zo, kuma akan samu wanda hujinsa ya kauce daga tsakiya tun a gidan bugu. Amma sule ko sisi ko fataka (sule biyu) mai huji, wannan aikin maƙeri ne, an huda don ado. Bakin hujin zai gaya maka.

Kwabon yaron dai bai zama asara ba. Sunan Edward VIII ne a jiki, sarkin Ingila da ya sauka a Disambar 1936 bai cika shekara a kan mulki ba. A Ingila kuɗi mai sunansa bai shiga kasuwa ba, amma mu nan an yi ciniki da shi, don haka ba wuyar samu gare shi ba. Na nuna masa ɗan ƙaramin harafin H, alamar kamfanin Heaton na Birmingham da ya buga shi, na ce wasu KN za ka gani, wato kamfanin King's Norton. Kuskure na gaske a wannan shekarar shi ne wanda aka haɗa hatimin kwabonmu da na santi goma na Gabashin Afirka, fuska ɗaya tamu, ɗaya tasu. Shi ya sa nake karanta rubutun kowace fuska daban kafin in duba layi.

Da zai tafi ya ce bari ya goge shi da toka da lemon tsami ya yi haske. Na roƙe shi kada ya yi, don gugar tana cinye fatar ƙarfen, ta bar ƙarzuwar da ta fi wadda ya zo da ita. Na ba shi aron gilashin, na ce Asabar mai zuwa ya zo mu zazzage gwangwanin kakansa tare.