Abin da Na Koya Wajen Faɗaɗa Matsayar Jiragen Ruwa a Legas

A shekarar 2019 wata ƙungiyar masu jiragen ruwa na shaƙatawa ta ɗauke ni aikin safiyo da tsara taswira, domin tana son faɗaɗa matsayar jiragenta a mashigin ruwan Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island a Legas. Na karɓi aikin ina ganin cewa wahalarsa duka tana wajen neman izini, kuma akwai dalilin yin wannan zato, tunda a lokacin ana cikin shari'a kan wanda ke da iko da ruwan: NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa mai hedikwata a Lokoja, ko takwararta LASWA da jihar Legas ta kafa a 2008. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba jihar gaskiya a 2017, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ikon hannun tarayya. Da yake a 2019 shari'ar ba ta ƙare ba, sai muka kai takardunmu ɓangarorin biyu, muka kuma fara shirin binciken tasirin aikin ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada.

Amma ainihin takaddamar daga masu kwalekwale da masunta ta taso, kuma kuskuren nawa ne. Na yi awona da rana tsaka, lokacin da ruwa ya cika kuma mashigin ya yi shiru, sai na zana dogayen gadoji masu yawo a kan ruwa har suka kutsa cikin wurin da nake ɗauka fanko ne. A zaman sauraron jama'a wani dattijo masunci ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, ka taɓa zuwa nan da asuba?" Ban taɓa ba. Da na je washegari, sai na tarar ruwa ya janye, hanyar da ta rage mai zurfi ta ƙuntata, kuma daidai inda na ajiye gadojin nan ne ƙananan jirage suke bi suna raɓe da gaɓa domin kauce wa igiyar ruwan da jirage masu gudu suke tayarwa, wadda takan kifar da kwalekwale mai kaya.

Shugabannin ƙungiyar sun so a ci gaba da tsohon zanen, suna cewa doka ba ta ba masunta ikon hana gini ba. A ganina wannan hujja ba ta isa ba, domin wanda ka tura tsakiyar ruwa da zanenka, alhakinsa yana wuyanka ko takarda ta wanke ka. Na sake awo sau da yawa a lokacin cikowar ruwa da janyewarsa, tare da masuntan a cikin jirgi suna nuna mini inda suke jefa koma, sannan na gajarta gadojin na jera su a tsawon gaɓa. Ƙungiyar ta rasa wasu guraben ajiye jirage, aikin kuma ya yi jinkiri na watanni, kuma har yau akwai mambobin da ba su yafe mini wannan ba.